Kafin a Yanka Fuloti, a Fara Fitar da Mashiga

Duk mai bin titin Zariya ko na Haɗeja ko na Katsina ya ga yadda Kano ke miƙewa tana cinye gonakin bakin hanya. Gonar da aka girbe dawa a cikinta bara, bana an kafa mata duwatsun fuloti. A aikina na tsara birane, idan aka kawo mini taswirar sabuwar unguwa, abin da nake fara nema shi ne inda mota za ta bar babban titi ta shiga, da inda za ta fito. Shi kuwa masu fili sai a ƙarshe suke tunawa da shi.

Dalilin kuɗi ne. Fulotin bakin titi ya fi kowanne tsada, shi ya sa mai awon igiya kan jera su a gaba, kowanne da ƙofarsa tana kallon kwalta. Ɗaruruwan gidajen da ke baya kuwa sai a bar musu lungu ɗaya, wanda da ƙyar mota biyu za su gifta juna. Da haka titin da aka gina domin matafiya ya koma layin unguwa, alhali gudun motocin bai ragu ba.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A lissafin injiniyoyin hanya, direba na buƙatar daƙiƙa biyu da rabi daga hango haɗari zuwa taka birki, wato ya riga ya ci mita 70 ƙafarsa ba ta motsa ba. Kafin motar ta tsaya cak, ana ƙiyasta mata mita 185, tirela mai lodi kuwa ta fi haka. Don haka ba a buɗe mashiga a kan kwana, ko bayan tudu, ko inda katanga ta tare gani. Yawan ƙofofi ma haɗari ne. Mahaɗa mai reshe uku tana da wurare 9 da motoci za su iya karo, mararraba mai huɗu tana da 32. Duk ƙofar da aka ƙara a bakin titi, an ƙara irin waɗannan wurare.

Akwai wata unguwa a wajen gari da aka kira mu mu duba. Mashigarta na gab da kwana, kuma mai fulotin farko ya ja katangar bulo har bakin magudana. Muna tsaye, ɗan a-daidaita-sahu ya fito da yara 'yan makaranta. Sai da ya tura kan kekensa bisa kwalta, ya leƙo da wuya, kafin ya ga abin da ke tahowa. A ƙarƙashin mashigar kuma an binne ƙaramin bututu a madadin kwalbati, ya toshe da yashi da leda, ruwan damina ya bi ta sama ya zaizaye gefen titin. Na ce wa mai filin: "Alhaji, sai dai a matsar da ƙofar nan gaba, a haƙura da fuloti biyu." Ya yi jim, ya ce asara ce. Na ce masa fuloti ana sayen wani, ran ɗan mutum kuwa babu mai mayar da shi. Allah Ya taimaka ya amince.

Gyaran da ya ci masa fuloti biyu da rushe katanga, da a kan takarda aka yi shi, da fensir kawai zai ci. Tun ran gini ran zane. Unguwa ta samu mashiga ɗaya ko biyu masu faɗi, gidajen gaba su buɗe ƙofa a titin gefe, a bar babban titi ga matafiya. A ƙara wa titin ɗan hannu inda mai shiga zai rage gudu ba tare da ya tare na bayansa ba. Kwanar ta isa tifa da motar kashe gobara su juya. A zuba kwalbati daidai da ruwan wurin, a ware wa masu a-daidaita-sahu wurin lodi a ciki, a kuma tanadi filin makaranta da masallaci a cikin unguwar domin kada yara su riƙa tsallaka titi kullum.

Doka ma ta yi magana. A titin tarayya, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare haƙƙin hanya ne, kuma Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ce ke da iko da shi. Dokokin tsara birane sun wajabta neman izini kafin a gina wuri, a Kano wajen KNUPDA, a Kaduna wajen KASUPDA. Wanda ya yi gini a cikin tazarar haƙƙin hanyar, ranar da aka zo faɗaɗa titi jan fenti ne rabonsa.

Mai neman fuloti, kafin ka biya, ka ce wa dillali ya nuna maka taswirar da hukuma ta amince da ita. Ka je ka tsaya a mashigar da kanka, ka duba dama da hagu. Idan ba ka hango motar da ke tahowa daga nesa ba, ka riƙe kuɗinka. Masu filaye, dagatai da masu unguwanni, don Allah ku kira masana tun kafin a ja igiya.