Gudummawar Hoto wajen Tiyatar Cire Ƙarin Ƙwaƙwalwa a Karnuka da Kyanwoyi

1.0 Gabatarwa

Ƙarin ƙwaƙwalwa ciwo ne da ya fi kama karnuka da kyanwoyi bayan sun manyanta. A kare, farfaɗiya ce alamar da aka fi gani. A kyanwa kuwa, sauyin ɗabi'a ne da kasala. Wannan maƙala ta yi nazarin yadda hoto ke yi wa likitan dabbobi jagora a lokacin tiyata, tare da fito da iyakar wannan jagoranci.

2.0 Asali da Tsarin Aikin

A shekarar 1908 Victor Horsley da Robert Clarke na Ingila suka bayyana wata na'ura da ake ɗaura wa kan dabba domin a isa wani gurbi na ƙwaƙwalwa ta hanyar awo. Awo iri ɗaya ba ya wadatarwa ga karnuka, domin ƙoƙon kansu ya bambanta matuƙa: na wani dogo ne, na wani gajere mai faɗi. Saboda haka kowace dabba tana buƙatar taswirarta.

A yau ana sa wa dabbar maganin barci, a maƙala alamomi a haƙoranta ko a ƙashin kanta, sannan a ɗauki hoton MRI ko CT. A ɗakin tiyata, kwamfuta tana daidaita alamomin da hoton, kyamara kuma tana bibiyar kayan aikin likita. Ta haka likita yake ganin inda bakin kayan aikinsa ya kai a kan allo, ya buɗe ƙashi daidai wurin da ƙarin yake, ya kauce wa manyan jijiyoyin jini.

3.0 Iyakar Jagorancin Hoto

Abubuwa biyu ne ke taƙaita amfanin wannan hanya. Na farko, hoton an ɗauke shi ne kafin tiyata. Da zarar an buɗe ƙoƙon kai ruwan ƙwaƙwalwa ya zuba, sai ƙwaƙwalwar ta ɗan gusa, taswirar ta saɓa da zahiri. Don haka wasu likitoci ke ƙarawa da na'urar duban ɗan tayi ana cikin aikin.

Na biyu shi ne nau'in ƙarin. Maninjiyoma, mai tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ya fi yawa a dabbobin biyu. A kyanwa yakan kasance dunƙulalle mai iyaka, ana iya ɓamɓare shi gaba ɗaya, kuma kyanwar takan rayu shekaru bayan aikin. A kare yakan kutsa cikin naman ƙwaƙwalwa. Shi kuwa giliyoma, wanda ya fi addabar karnuka masu gajeren baki irin su Boxer, ba shi da iyakar da ido zai gane, shi ya sa ake yawan haɗawa da gashin radiyo.

4.0 Kammalawa

Hoto yana rage lalube da ɓarnar lafiyayyen nama, yana kuma sauƙaƙa ɗebo samfurin ƙarin da ke can ciki domin gwaji. Amma sakamakon tiyatar ya dogara ne ga nau'in ƙarin da wurin da yake. Wajibi ne likita ya fayyace wa mai dabbar wannan tun kafin a yanke shawarar yin aikin.