Kewayen da'ira da adadin Pi

A Takeita, inda hanyar Matamaye ta rabu da babbar hanyar Damagaram zuwa Maraɗi, abubuwa masu siffar da'ira suna da yawa: bakin rijiya, gindin rumbu, faifai, ƙafar amalanke. Ko wace da'ira tana da kewaye, tana da faɗi. Faɗi shi ne layin da ya ratsa ta tsakiya, daga baki zuwa baki.

In an auna kewayen faifai da zare, aka ɗora zaren bisa faɗinsa, za a sami faɗi uku da ɗan saura. Haka yake ga ko wace da'ira, babba ko ƙarama. Wannan uku da ɗan saura shi ake kira Pi. Ana rubuta shi da harafin Girkanci: π.

Amfanin ɗan saura

Manomi yana son ya yi wa garkarsa darni. Garkar da'ira ce mai faɗin metir 14. In ya riɓanya 14 sau 3, zai tanadi darnin metir 42. Darnin ba zai haɗe ba, awaki su shiga. In ya yi aiki da 22 bisa 7, zai raba 14 gida 7, ya sami 2, ya riɓanya sau 22, ya sami metir 44. Ɗan sauran nan ya kai metir 2.

Masu neman Pi

Arshimed, masanin Girka na birnin Sirakus, ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta. Da haka ya nuna Pi ya fi 223 bisa 71, amma bai kai 22 bisa 7 ba.

A ƙasar Sin, Zu Chongzhi (429-500) ya samo 355 bisa 113. A duba:

22 bisa 7 = 3,1428571...
355 bisa 113 = 3,1415929...
π = 3,1415926...

Ga da'ira mai faɗin kilometir 1, kuskuren 22 bisa 7 ya ɗara metir 1 kaɗan. Kuskuren 355 bisa 113 bai kai rabin milimetir ba.

A shekara ta 1761, Johann Lambert ya tabbatar da cewa babu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya a sami Pi daidai. Lambobin bayan waƙafinsa ba su ƙarewa.

Abin riƙewa

22 bisa 7 ba Pi ba ne, kusa da shi yake. Ana zaɓen adadi gwargwadon aiki. Ga darni, rumbu ko rijiya, 22 bisa 7 ko 3,14 ya isa. Ga aiki mai bukatar awo na ƙwarai, a ɗauki 355 bisa 113.

Aiki

1. A auna kewayen kwano da faɗinsa. A raba kewaye da faɗi. Nawa aka samu?
2. Faifai yana da faɗin santimetir 28. Nawa ne kewayensa?
3. Ƙafar amalanke tana da faɗin santimetir 70. Metir nawa amalanken ya ci in ƙafar ta juya sau 100?
4. Tsakanin 3,14 da 22 bisa 7, wanne ya fi kusa da Pi?