Kwalin Faifan Bidiyo: Shin Mai Saye Yana Bukatar A Yi Masa Bayani?

A ƙarshen shekarun 1990, masu kantunan sayar da fina-finai a Amurka sun sha fama da wani ƙorafi iri guda. Mutum zai sayi faifan DVD, ya kai gida ya saka a na'ura, sai ya ga baƙin layi mai kauri a saman hoton da wani a ƙasansa. Washegari ya komo kanti yana cewa an sayar masa da lalataccen kaya, ko kuma an datse wa 'yan wasan kai da ƙafa. Alhali kuwa faifan lafiyarsa lau, hasali ma abin da ya gani shi ne cikakken hoton da aka nuna a gidan sinima.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Fuskar akwatin talabijin na wancan zamani, in faɗinta ya kai taku 4, tsayinta taku 3 ne. Allon sinima kuwa tun shekarun 1950 aka faɗaɗa shi, har faɗin wani ya ninka tsayinsa sau 2.35. Hanya biyu ce ake sa irin wannan hoto cikin akwatin gida. Ko dai a yanke gefen dama da na hagu domin hoton ya cika fuskar akwatin, wanda ke jawo asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na abin da aka ɗauka, ko kuwa a ƙanƙanta hoton duka ya shiga, sai fili ya rage sama da ƙasa. A zamanin kaset na VHS hanyar farko aka fi bi, idon jama'a ya saba da ita. Da DVD ya fito a Japan cikin Nuwamba 1996, ya isa Amurka cikin Maris 1997, kamfanoni da yawa suka ɗauki hanya ta biyu. Nan ne rigima ta tashi: wanda aka ba shi hoto cikakke yana ganin an tauye shi, wanda aka yanke wa kusan rabi yana murna.

Tambayar da ta fuskanci kamfanonin ita ce wadda ke gaban duk mai sayar da kaya a rufe: shin a ɓata wuri a jikin kwali wajen koya wa mai saye abin da zai gani, ko a ƙyale shi ya gano da kansa?

Masanin tattalin arziki Phillip Nelson, a wani nazari da ya buga a 1970, ya raba kayan kasuwa gida biyu. Akwai waɗanda mai saye ke iya tantance ingancinsu kafin ya biya, kamar atamfa ko buhun gero, da ake taɓawa a jinjina. Akwai kuma waɗanda sai an yi amfani da su ake sanin halinsu. Faifan bidiyo na cikin kashi na biyu. Yana naɗe cikin leda, ba a leƙa cikinsa, saboda haka kwalin ne kaɗai ke magana da mai saye lokacin da kuɗinsa ke hannu. Duk abin da kwalin ya yi shiru a kansa, zato ne zai cike gurbin, kuma mutumin da ya fitar da kuɗi bai cika yi wa mai kanti kyakkyawan zato ba.

A duba lissafin. A ɗauka ɗan kasuwa ya saro faifai a kan Naira 90, yana sayarwa Naira 100. In aka dawo masa da guda ɗaya a farke, wanda ba zai sake sayuwa ba, kuma dila bai karɓa ba, ribar faifai tara ta tafi. Layi biyu na bayani a bayan kwalin da dama can za a buga shi kuwa kusan ba ya ƙara komai a kan kuɗin ɗab'i. Abin lura a nan shi ne, wanda ke da ikon rubuta bayanin daban yake da wanda ke shan asarar rashinsa. Kamfani ne ke tsara kwali, mai kanti ne ke tsayawa gaban fusataccen mai saye. Wannan ne ya sa irin wannan gyara kan yi jinkiri, sai manyan 'yan sari sun matsa lamba.

Ƙarshe dai kamfanonin Amurka suka bi hanyoyi dabam-dabam. Wasu suka fitar da fim guda a kwali iri biyu, an rubuta nau'in hoton da manyan baƙaƙe a goshin kowanne. Wasu suka sa nau'i biyun a faifai guda, kowace fuska da nata. Wasu kuma suka ƙara ɗan rubutu a baya mai cewa baƙin layin ba aibu ba ne.

Mu a nan Nijeriya namu ruɗanin ya zo ta wata fuska, kuma ya riga DVD. Gidajen talabijin ɗinmu sun yi aiki da tsarin PAL mai layi 625, Amurka da Japan suna kan NTSC mai layi 525, maƙwabciyarmu Nijar kuma ta bi Faransa a kan SECAM. Kaset ɗin da aka ɗauka a tsarin SECAM, in aka saka shi a na'urar PAL zalla, hoto zai fito amma babu launi. Na NTSC kuwa sai ya yi ta rawa, murya ta jirkice. Wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da kaset daga Amurka, ko ya sayo a Maradi, sau da yawa na'urar yake zargi, ya kinkime ta zuwa wurin mai gyara. Kalmar PAL ko NTSC tana jikin kwalin, amma haruffa uku ko huɗu da ba a fassara su ba, ga mai saye, da su da babu duk ɗaya ne. DVD ya ƙaro nasa: an raba duniya shiyya shida, Amurka a ta 1, Ingila da Saudiyya a ta 2, Nijeriya da Indiya a ta 5, alamar kuma wata 'yar lamba ce a cikin hoton duniya da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Abin da ya cece mu shi ne na'urori masu araha daga Sin da ke karanta kowane faifai.

Fina-finan gida ma ba su tsira ba. Bayan Turmin Danya a Kano a 1990 da Living in Bondage a Legas a 1992, kasuwa ta bunƙasa a Ƙofar Wambai da Idumota da titin Iweka na Onitsha, daga baya aka koma faifan VCD. Shi wannan faifai bai cika ɗaukar fiye da minti 80 ba, don haka dogon fim sai a faifai biyu. A lokaci guda kuma masu shirya fim suna raba labari kashi na 1 da na 2, kowanne da kuɗinsa. To lambar "2" a jikin kwali me take nufi, faifai na biyu ko ci gaban labari? Na san gidan da aka zauna kallo har dare, labari ya tsaya a tsakiya, aka aiki yaro kanti da safe ya karɓo "ɗayan faifan", aka ce masa sai dai ya biya. 'Yan kasuwarmu sun magance yawancin wannan da hanyar da suka sani, watau ajiye talabijin a shago a gwada wa mutum kafin ya tafi. Dabara ce mai kyau, sai dai ita ma kuɗi ce: wutar janareta, da lokacin yaron shago, da layin masu jira.

Masu adawa da cika kwali da rubutu suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Mutane ba su cika karantawa ba. In gargaɗi ya yi yawa, muhimmin sai ya ɓace cikin marasa amfani. Fuskar kwali kuma talla ce, kowane taƙi da aka ba bayani an ƙwace shi ne daga hoton jarumin da ke jawo ciniki. Ni a ganina wannan hujja tana nuna yadda ya kamata a yi bayanin ne, ba ta soke shi ba. Abu guda ake nema: a gano wurin da lafiyayyen kaya zai yi kama da lalatacce a idon wanda bai sani ba, a faɗe shi a jimla ɗaya, a waje inda za a gani kafin a biya, cikin harshen mai saye, in da hali da zane saboda wanda bai iya karatu ba. Sauran bayanai su shiga takardar ciki.

Sai dai bayanin ya zama gaskiya. Kamfanin MGM ya riƙa sa zane a takardun wasu faya-fayansa yana nuna cewa nau'in mai baƙin layi ya fi faɗin hoto. Wasu masu saye suka kai ƙara cewa a fina-finai da dama ba haka abin yake ba, domin an ɗauke su ne ta yadda nau'in biyu faɗinsu ɗaya. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2005 aka yi sulhu, ya yarda ya musanya faifan ko ya biya dala 7.10 a kan kowanne.

A Nijeriya batun ya wuce na kyautatawa kawai. Dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta maye gurbin dokar soja mai lamba 66 ta 1992, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma hana kwatanta kaya ta hanyar da za ta ɓatar da shi. Wannan ya shafi mai shigo da fitilar hasken rana da batirinta ke bukatar yini guda a rana kafin a fara kunnawa, da mai sayar da wayar da aka ƙulle wa kamfanin sadarwa guda, kamar yadda ya shafi mai faifai.

Shi kuwa baƙin layin, talabijin masu faɗin 16 da 9 ne suka rage ƙorafinsa da suka cika gidaje, ba rubutun kwali ba. Kaset ya tafi, kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera na'urarsa a 2016. Amma in aka kunna tsohon fim ɗin Hausa na shekarun 1990 a sabon akwati, layin yana nan, ya koma dama da hagu, kuma akan sami mai latsa maɓalli ya miƙe hoton har fuskokin 'yan wasa su kumbura.