BABI NA BAKWAI: HAUSAR KIMIYYA – YADDA AKE KULLE ƘWAYAR GADO

7.0 Gabatarwa

Wannan babi zai gwada yadda ake bayyana batun kimiyya da Hausa. An zaɓi batun da ya shafi ciwon sikila, domin da wuya malami ya gama aikinsa bai koyar da mai ɗauke da shi ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, a ƙaramar hukumar Tarauni, yana daga cikin manyan wuraren da ake kula da irin waɗannan yara.

7.1 Rubutun Gado

A cikin ƙwayar halittar ɗan'adam akwai kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Kowane ɗaya dogon zare ne na DNA da aka nannaɗe a jikin furotin. Haruffa huɗu ne a wannan zare, wato A da T da C da G. Jerin haruffan da ke ɗauke da umarnin ƙera wani furotin shi ne ƙwayar gado.

Ɗalibin Hausa ya san cewa haruffa kaɗai ba su gama fayyace ma'ana. Kalmar "kuka" tana iya zama itaciya, tana iya zama zubar da hawaye. Karin sauti ne ke rarrabewa. Haka ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa: rubutunsu ɗaya, karatun ne ya bambanta.

7.2 Alamar Metil

Metil ɗan ƙaramin sinadari ne mai ƙwayar kabon ɗaya da haidurojin uku. Akan liƙa shi a kan harafin C idan G ya biyo bayansa. Ba ya canza harafin, sai dai ya zama alama a kansa. A shekarar 1975 ne Holliday da Pugh, da kuma Riggs, suka kawo ra'ayin cewa wannan alama tana da hannu wajen kulle ƙwayar gado.

Alamar tana aiki ta hanyoyi biyu. Na farko, takan hana wasu furotin masu buɗe karatu zama a gurbinsu. Na biyu, takan jawo wasu furotin da ke gane metil, kamar MeCP2 da MBD2. Su kuma sai su gayyato waɗansu da za su ƙara matse zaren, har karatu ya gagara a wurin.

7.3 Misali daga Sikila

Asalin sikila ba daga metil yake ba. Harafi ɗaya ne ya sauya, A ya koma T, a ƙwayar gadon himogulobin da ke kuromosom na 11. Sai dai jariri yakan zo duniya da himogulobin irin na tayi, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Bayan haihuwa jiki yakan kulle ƙwayar gadon wannan himogulobin, kuma metil yana cikin makullan. Shi ya sa alamun ciwon, kamar kumburin hannu da ƙafa, sukan bayyana wajen wata shida.

A farkon shekarun 1980 masana a Amurka suka gwada maganin azasitidin, mai hana liƙa metil, sai himogulobin na tayi ya ƙaru, amma tsoron illarsa ya hana a rungume shi. Daga baya aka koma ga haidurokisiyuriya, wanda ke ƙara wannan himogulobin ta wata hanya daban. Amurka ta amince da shi a 1998. An gwada shi a asibitin Malam Aminu Kano domin kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

7.4 Kammalawa

Magani yana rage raɗaɗi, amma ba ya goge harafin da aka gada. Don haka gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, yana nan da muhimmancinsa.

7.5 Auna Fahimta

1. Mene ne bambanci tsakanin sauya harafi da liƙa metil?
2. Kawo wasu kalmomi biyu da karin sauti ke rarrabe ma'anarsu.
3. Ware kalmomin aro da ƙirƙirarru a wannan babi, sannan a tattauna dacewarsu.