Ƴar tsana ta ƙyalle

Tun kaka da kakanni ƴan mata suke wasa da ƴar tsana. A ƙasar Ƙwanni da Adar za a ji ana cewa ɗiyat tsana, da Faransanci kuwa poupée. A da ba a sayen ta a kasuwa. Yarinya takan sami karan dawa, ko totuwar masara, ko ƙashin ƙafar ragon layya, ta wanke, ta ɗaura masa zane da kallabi. Shi ke nan ta yi ɗiya. Ta goya ta, ta rarrashe ta, ta dafa mata tuwon ƙasa. Wata rana kuma ƙawaye su taru su yi wa ƴar tsana biki, har da kai amarya.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan wasa ba. A Masar an tono wata ƴar tsana ta ƙyalle wadda ta fi shekara 1500. An cusa mata tsummoki a ciki. Yanzu tana ajiye a gidan tarihi na birnin Landan.

Yau kasuwanni cike suke da ƴan tsana na roba, yawancinsu daga ƙasar Sin. Suna da ƙyalli, amma in hannu ya ɓalle babu gyara. Kuma ba su yi kama da kowa ba a Alela, ko Malbaza, ko Ilela. Ta ƙyalle kuwa in ta yage sai a ɗinke. Ana iya yi mata shigar mutanen gari. Wanda ya iya yin ta da kyau yana iya sayarwa.

Inda ake samun ƙyalle

Duk inda keken ɗinki yake, akwai ƙyalle a ƙasa. Tela yakan yanka riga, guntaye su zube. Wasu ya tara, wasu ya share ya ƙone. Lokacin da ƙyalle ya fi yawa shi ne kwanakin da suka gabaci salla, don teloli har kwana suke yi suna ɗinki.

Amma ƙyallen tela yana da mai shi. Ba a shiga rumfa a kwasa. Ga yadda wata ƴar lakwal ta yi da telan unguwarsu:

— Ina wuni, Baba?
— Lafiya lau, ɗiyata. Inna ce ta aiko ki?
— A'a, Baba. Guntayen ƙyalle nake roƙo, in akwai waɗanda ba ka so.
— Me za ki yi da su?
— Ƴar tsana za mu ɗinka a lakwal.
— To, waɗanda ke cikin kwandon nan na masu ɗinki ne, zan mayar musu. Na ƙasa kuwa kwashi. Ki duba da kyau, kada allura ta soke ki.
— Na gode, Baba. Allah ya ƙara kasuwa.

Ban da na tela, akwai tsofaffin zannuwa na gida, da rigunan bosho da suka mutu. Tsohon zane yakan mutu a tsakiya, wurin zama, amma gefensa yana nan da ƙwari. Gefen ake yankewa.

Kafin a taɓa almakashi sai an yi wanki. Tsohon tsumma yana iya ɗauke da ƙwarƙwata ko ƙazwa, ga shi ƴar tsana a jikin yaro take kwana, wani lokaci ma a bakinsa. A wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana har ya bushe ƙayau. In ƙyalle mai launi ne, a jiƙa shi a goga a kan farin ƙyalle. In ya bar launi, yana zuba ke nan, a ware shi.

Akwai wani gwaji kuma, amma malam ne kaɗai zai yi shi. Zai zare zare guda daga ƙyalle ya kai bakin wuta. Zaren auduga yakan ci wuta ya zama toka, da wari irin na takarda. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Irin wannan ƙyalle in ya kama wuta yakan manne wa fata. Yara kuwa, musamman da sanyi, ba su rabuwa da gindin murhu. Saboda haka ƙyallen auduga ya fi.

Yadda ake ɗinkawa

Da farko a zana siffar ƴar tsana a kan kwali: kai, da jiki, da hannuwa biyu a buɗe, da ƙafafu. Tsawonta ya kai santimetir 25. Kada a matse wuya, kada a sirance hannuwa. Mai koyo kullum yakan yi wannan kuskure, sai ya zo juyawa abu ya gagara. A yanke kwalin. Da shi za a riƙa fitar da sauran duka, su zo daidai wa daida.

A ninka ƙyalle mara zane gida biyu, fuskarsa ta kyau tana ciki. A aza kwalin, a bi gefensa da alli. Wajen yanka a bar santimetir 1 bayan layin alli. A kan layin ake ɗinki. Ɗinkin ya zama ƙanana-ƙanana, kowane taki allura ta koma baya kaɗan kafin ta ci gaba. Wannan ɗinki yana cin lokaci, amma shi ne ba ya warwarewa. A bar ƙofa ta santimetir 5 a gefen ciki. Ta nan za a juya ƙyallen, a tura hannuwa da ƙafafu da ɗan kara mara tsini.

Sai cusawa. A karkarar Ƙwanni da Madawa an daɗe ana noman auduga, kuma ita ta fi laushi. Amma a cire gurya tukuna, don tana da mai, tana kuma jawo ɓera. In babu auduga, a yayyanka ƙananan guntaye ƙanana sosai a cusa. Ta haka ko ƙyalle ɗaya ba ya tafiya banza. A fara da hannuwa da ƙafafu, sannan kai. A danna wuya sosai. Ƴar tsana mai langaɓaɓɓen wuya ba mai sayen ta. Daga nan a rufe ƙofa.

Idanu da baki da zare ake yin su. Maɓalli da dutsen ado suna da kyau ga ido, amma yaron da bai kai shekara 3 ba komai ya samu sai baki. In maɓalli ya tsinke yana iya maƙale masa a wuya, numfashi ya tsaya. Don haka wadda aka yi wa ƙaramin yaro ba a sa mata komai da zai iya cirewa. Bayan an gama a ja hannu, a ja gashi, a ja kallabi da ƙarfi. Gara ta yage a hannun mai ɗinki.

Wasu iyaye ba su son ƴar tsana mai fuska. Malamai dai suna ba da labarin Nana A'isha ta yi wasa da ƴan tsana tana yarinya. Duk da haka mai sayarwa yakan bar waɗansu babu ido babu baki, kowa ya zaɓi wadda ta kwanta masa.

Tufafi su ke sayar da ƴar tsana. A nan ne ake fito da guntayen atamfa da shadda. Wannan a yi mata zane da riga da kallabi, da kitson baƙin zare. Waccan a yi mata baƙin zane irin na Buzaye. Wata a goya mata jariri. Wata a ɗinka mata ɗan buhu a kai, ta zama mai albasar Galmi.

Kasuwa da lissafi

Birnin Ƙwanni mararraba ce. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa ta, ga hanyar da ta yi kudu zuwa Sakkwato, a Tsarnawa kuma hanyar Tawa ta rabu. Kasuwarta tana ci ran Laraba. Matafiyi yana son tsaraba mara nauyi wadda ba ta fashewa a mota. Ranar salla kuma yara suna da kuɗin barka da salla a hannu.

Amma kafin a faɗi kuɗi sai an yi lissafi. A tuna: dala 1 tamma 5 ce, dala 200 kuwa jika 1.

Ga misali. A ce yarinya ta sayi zare na dala 20, da sabulu na dala 30, da baƙin zaren kitso na dala 30, ta kuma ba da dala 40 aka ba ta auduga. Ta kashe dala 120. Da kayan nan ta ɗinka ƴan tsana 6, kowace ta ci mata yamma guda. Kowace ƴar tsana ta tashi a kan dala 20 ke nan. Mai saye ya zo:

— Ƴan mata, nawa nawa?
— Dala 70, Baba.
— Na saya 25.
— Albarka.
— Ashe ba tsumma ba ne?
— Tsumma ne, Baba, amma ja hannunta ka gani.

Ya ja, ɗinki bai motsa ba. Suka daidaita a kan dala 60. In duka 6 suka tafi haka, ta sami dala 360. A cire 120, saura 240. Da ta sallama a kan 25, da ladan yamma guda dala 5 ne kacal.

To, amma yarinyar a Alela take, can yamma da Ƙwanni. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa jika 1 ne. Dala 40 kaɗai za ta kai gida bayan aikin kwana 6. Shi ya sa ƴan aji sukan haɗa kayansu wuri ɗaya. Kowa ya ɗinka wata ƴar alama a ƙafar tasa. A rubuta suna da adadi cikin kaye. Babban mutum guda, wanda dama zai ci kasuwa, ya tafi da su duka. In ya dawo a buɗe kaye, a ware kuɗin zare na gaba, sannan a raba.

Tambayoyi

1. Da me ake yin ƴar tsana a da? Ku tambayi kakanninku, ku rubuta abin da suka faɗa.
2. Don me ba a sa wa ƴar tsanar ƙaramin yaro maɓalli?
3. Ƴan aji 10 sun ɗinka ƴan tsana 6 kowannensu. An sayar da 45 a kan dala 60, sauran sun dawo. Nawa aka samu? Ku faɗe shi da dala, da jika, da tamma.