Renon Shuke-shuken Ado Masu Ganye Rodi-rodi a Arewacin Zamfara

Shuke-shuken ado masu ganye rodi-rodi, wato waɗanda ganyensu ke haɗa kore da fari ko rawaya ko ja, sun samu shiga gidaje da ofisoshi da makarantu a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma akasarinsu daga gidajen renon tsirrai na manyan birane irin su Kaduna da Abuja ake ɗauko su. Abin da aikin reno ya nuna a wannan yanki shi ne da yawa daga cikinsu ba sa kai wa damina ta biyu, kuma mai su yakan ɗora laifin a kan zafi, alhali yawancin waɗannan tsirrai 'yan ƙasashen zafi ne tun asali. Kuroton, mai ganye ja da rawaya, daga tsibiran Indonesiya da Malesiya ya fito; difenbakiya, mai faffaɗan ganye da yayyafin fari, daga dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu; agalonima kuma daga kudu maso gabashin Asiya. A can akwai zafi, amma zafi ne mai tafe da laima, kuma da yawa daga cikin tsirran suna rayuwa ne a ƙarƙashin manyan itatuwa. Busasshiyar iska da rana mai dukan ganye kai tsaye, su ne abin da ba su saba da shi ba.

Kafin a zo kan kulawa, ya kamata a fahimci abin da rodi-rodin yake. Koren ganye yana samuwa ne daga wani sinadari da ake kira kulorofil, wanda da shi tsiro ke amfani da hasken rana ya haɗa abincinsa daga ruwa da iska. Duk inda ganye ya yi fari fat, babu wannan sinadari a wurin, saboda haka farin ɓangaren ci yake yi bai noma ba, koren ɓangaren ne ke ɗauke da nauyinsa. Wannan ne ya sa irin waɗannan tsirrai suke da jinkirin girma, kuma farin wurin ne ke fara ƙonewa idan rana ta yi yawa. Idan kuma duhu ya yi yawa, sai sabbin ganyen su riƙa fitowa da kore fiye da ado, ko tsiron ya fitar da reshe kore zalla, wanda ya fi sauran ƙarfi kuma zai rinjaye su matuƙar ba a yanke shi daga tushensa ba. Mai reno yana tafiya ne tsakanin waɗannan iyakoki biyu, kuma wurin da ya fi dacewa shi ne inda hasken safiya ke sauka zuwa hantsi sannan inuwa ta rufe, kamar gefen gabas na ɗaki, ko ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ko cikin rumfar zana wadda haske ke ratsawa. Kuroton ya fi sauran jure haske, yana ma buƙatarsa kafin launinsa ya fito, amma shi ma a cikin tukunya ba ya jure ranar azahar ta watan Afrilu.

Manomin wannan yanki yana da dalilin zargin duk ganyen da ya canza launi, domin ya san kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa kuma ta yi wa noman gyaɗa mummunar ɓarna a arewacin Nijeriya a 1975, ya kuma san cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya murɗe. Rodi-rodin ado daban yake: ganyen yana fitowa a miƙe da cikakken girmansa, kuma ba ya harbin tsiron da ke kusa da shi. Wanda ya ga ganye ya ƙanƙance ko ya tattare a wurin mai sayarwa, kada ya saya ko da an ce masa ado ne.

Shekarar arewacin Zamfara ta kasu uku ga mai wannan reno, kuma hunturu ne mafi wuya, ko da yake mutane sun fi tsoron bazara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa ƙwarai, ganye yana zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya janyowa, sai bakinsa ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ƙura kuma ta lulluɓe shi ta tare haske. A nan ne ake yin kuskure mafi yawa, domin mai tsiro yana ganin bushewar sai ya ƙara ruwa a tukunya safe da yamma, alhali sanyin dare ya rage wa saiwa aiki, sai ta ruɓe a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da ke taimakawa shi ne a kare tsirran daga iskar arewa maso gabas da bango ko zana, a tara tukwanen wuri ɗaya su riƙa raba laimar da suke fitarwa, a jiƙa yashin da ke ƙarƙashinsu, sannan a riƙa wanke ganyen ciki da baya sau ɗaya ko biyu a mako. Wankin yana da amfani na biyu, domin a busasshen lokaci ne wasu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo ke yaɗuwa a bayan ganye, suna tsotse shi har ya koɗe ya zube, kuma kuroton ne suka fi addaba. Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, aka tace aka ɗiga masa sabulu kaɗan, yana rage su idan an fesa da yamma.

A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, saiwa ce ke cikin haɗari, musamman a baƙar leda ko tukunyar roba da aka ajiye a kan siminti. Tukunyar ƙasa ta fi, saboda tana tsatso ruwa tana sanyaya abin da ke cikinta. Dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan lambu, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana aiki a nan ma: a saka tukunyar tsiro a cikin wadda ta fi ta girma, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi. Damina kuwa lokacin hutu ne da girma, kuma lokacin dashe da rabon tsiro, muddin tukunya tana da huji kuma ba ta zaune cikin ruwa.

Ƙasar da ake zubawa ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Yashi mai tsakuwa irin na gulbin Gagare, da takin shanu wanda ya ruɓe sarai har ya daina wari, da ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka, da ɗan garin gawayi, sun isa su ba da haɗin da ke riƙe danshi ba tare da ya cushe ba. Laka zalla daga fadama tana ƙanƙamewa a tukunya ta hana saiwa numfashi, ɗanyen taki kuma yana ƙona ta ya kuma gayyato gara. Ruwa ma abin lura ne. Inda rijiya ko burtsatse ke da zartsi, gishiri yana taruwa a tukunya, ana ganinsa fari a bakinta, kuma maganinsa shi ne a riƙa kwarara ruwa mai yawa lokaci-lokaci har ya fita ta ƙasa, a kuma tari ruwan sama da damina. Ba a shayarwa sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya sha iska. Takin zamani kuwa, ɗan kaɗan ne a cikin ruwa kuma da damina kawai.

Duk wannan kulawa ba ta maye gurbin zaɓi na gari. Dangin moda, waɗanda asalinsu Afirka ta Yamma ne, su ne suka fi cancanta a fara da su, musamman mai rawayan baki, domin kaurin ganyenta yana ajiye ruwa kuma tana jure mantuwa. Sai dai idan aka yanka ganyenta aka dasa, abin da zai tsiro kore ne babu rawayan bakin, don haka ta saiwa ake raba ta. Kaladiyom, mai ganye irin na gwaza, ya dace da yankin ta wata hanya: yana zubar da ganye da rani ya kwanta a cikin ƙwayarsa, kuma mutane da yawa suna zubar da tukunyar suna zaton ya mutu, alhali ajiye ta a inuwa babu ruwa ya isa har damina ta dawo. Kalatiya da monstera mai farin zane, wadda farashinta ya yi tashin gwauron zabi a duniya a lokacin korona a 2020, ba su dace da gidan da ke sayen ruwa a jarka ba, kuma mai sayarwa na gaskiya ya kamata ya faɗa wa mai saye haka. Irin monstera mai zane da ake tallatawa a intanet ma asarar kuɗi ne, domin irin wannan ado ba ya bin ƙwayar iri, ta yankan reshe ake samunsa.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya fi duk na baya muhimmanci. Ruwan jikin difenbakiya da kaladiyom da monstera yana ɗauke da wasu ƙananan tsinaye na gishirin okzalet, waɗanda ke sa baki da harshe su yi zafi su kumbura idan an tauna, ruwan kuroton kuma yana sa ƙaiƙayi a fata da ido. A gidajen da yara ke rarrafe a tsakar gida, awaki da tumaki kuma suna yawo, wajibi ne a ɗora waɗannan tukwane inda hannu da baki ba sa kaiwa, a kuma wanke hannu bayan an yi musu aski. Idan yaro ya tauna ganyen, a goge masa baki a kurkure da ruwa, kuma da zarar an ga kumburi ko wahalar haɗiya ko ta numfashi, a garzaya da shi asibiti tare da ganyen da ya ci domin ma'aikatan lafiya su gani.