KOYA WA YARO LISSAFIN KAJI DA ƘWAI

Manomi, kuɗin auduga sau ɗaya yake zuwa a shekara, amma kaza tana kawo ɗan abin cefane tun kafin a buɗe kasuwar auduga. A gidaje da yawa yara ne ke kula da kaji. Yaro kuwa in ya sayar da ƙwai, sai ya ɗauka duk abin da ke hannunsa riba ne. Ba haka ba ne. Sai an fitar da abin da kaza ta ci tukuna.

Yadda za ka fara

Ka ba shi kaji biyar da ɗan littafi. Ya ja layi a tsakiyar shafi: hagu abin da ya fita, dama abin da ya shigo. In bai iya rubutu ba, a ba shi gwangwani biyu da tsakuwa, kowace tsakuwa dala 10.

Ga misalin wata ɗaya. Kuɗin misali ne, kowa ya sa na kasuwarsu.

Dusa da tsaki: dala 300
Allurar rigakafi: dala 50
Jimlar abin da ya fita: dala 350

Ƙwai 40 aka samu. 4 sun fashe, an ci 6 a gida, an sayar da 30, kowane dala 20. Ya kama dala 600, watau jika 3. A cire 350, saura 250. Wannan ita ce riba.

Tambayoyi uku

1. Kaza ta shiga kwanci, kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe, ba ƙwai, amma tana ci. Ina kuɗin dusa zai fito?
2. Shaho ya ɗauke kaza ta dala 500. Ribar wata nawa ta tafi?
3. Wanne ya fi tsada, allurar dala 50 ko kaji biyar?

Ka bar shi ya amsa da kansa. Da ya gane, zai riƙa ajiye rabin riba, ya gyara akurki, ya nemo gara don rage kuɗin dusa, ya kai kaji allura kafin hunturu, lokacin da cutar Niyukasil ke share kajin gari.

Gargaɗi ga gidan mai auduga

Kada a ba kaji angurya don neman arha. Akwai guba a cikinta mai hana su girma, tana kuma ɓata launin kwanduwa. Kada a ba su ruwa a gwangwanin maganin feshi, kada kuma su yi kiwo a gonar da aka fesa.

Ran kasuwa ku zauna tare ku duba littafin, ka bar masa ladansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya lissafin ƙwai 40, gobe ba a cutarsa a gaban sikelin auduga.